A Auna Kafin A Saya: Zancen Sitikar Tare Tururin Waya

Jama'a, akwai wani ciniki da ya shigo kasuwanninmu wanda na ga ya kamata mu zauna mu dube shi a tsanake, tun bai ci kuɗin mutane da yawa ba. Duk wanda ya saba shiga tashar mota ko layin masu sayad da kayan waya ya san shi. Za ka ga mutum ya ɗaga wata 'yar sitika mai ƙyalli, faɗinta bai fi na kwabo ba, yana cewa in ka manna ta a bayan wayarka ta tsare ka ke nan daga tururin da wayar ke fitarwa, ba ciwon kai, ba rashin barci, ba ciwon daji. Wani kuma abin wuya ya ke sayarwa, wani awarwaro, wani 'yar jakar saka waya. Sunayensu dabam dabam, amma alkawarinsu ɗaya ne.

Cinikin ba a nan aka fara shi ba. Tun kafin wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a watan Agusta na 2001 a ke yinsa a Turai da Amurka. Ya ƙara kasuwa a 2020, lokacin da jita-jita ta bazu a duniya wai layin 5G ne ke kawo cutar korona, har Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta fito ta shaida wa jama'a cewa a lokacin ko lasin 5G ba ta ba kowa ba tukuna. Inda tsoro ya sauka, nan mai talla ke shimfiɗa tabarmarsa.

Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Duk abin da aka ce yana tsare mutum daga abin da ido ba ya gani, to, kada a saye shi sai an kai shi ɗakin gwaji an auna. An kuwa kai waɗannan kaya ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama, an fi shekara 20 ana aunawa. Abin da aka gani shi zan zayyana muku, ku yanke hukunci da kanku.

Mene Ne Wannan Tururi?

Kafin mu yi zancen garkuwa sai mu san mashin da a ke karewa. Abin da waya ke fitarwa Turawa na ce masa radiyeshin, mu kuwa muka ara masa sunan tururi, ko da ya ke ba irin na tukunya ba ne. Igiyoyi ne na lantarki da maganaɗisu, masu tafiya cikin sarari da saurin haske. Wani Bajamushe, Heinrich Hertz, shi ya fara tayar da su ya kuma kama su a ɗakin gwajinsa a 1887. Danginsu suna da yawa. Igiyar da ke kawo mana labaru a akwatin rediyo 'yar gidan ce, haka zafin da ka ke ji in ka matsa kusa da murhu, haka hasken fitila.

Amma dangin nan sun rabu gida 2, a nan ne kuwa masu talla ke rikita mutane. Akwai masu kaifi, irin na na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, da irin waɗanda ke fita daga ma'adinai kamar yuraniyam. Waɗannan suna da ƙarfin da za su fasa ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su, shi ya sa ma'aikacin hoton ƙashi ke laɓewa bayan bango ko ya sa rigar dalma. Akwai kuma marasa kaifi, su ne igiyoyin rediyo da na waya. Waɗannan ba su da ƙarfin fasa ƙwayar jiki. Aikin da aka tabbatar suna yi shi ne ɗumamawa, in sun yi yawa ƙwarai. Wayar hannu kuwa iyakar ƙarfinta bai wuce wat 2 ba, galibi ma da ƙasa da haka nesa ta ke aiki.

Ban ce masana sun rufe littafin bincike ba. A watan Mayu na 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa igiyoyin rediyo cikin rukunin da ta ke kira 2B, watau abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji amma shaidar ba ta isa a yanke hukunci ba. Daga nan aka ci gaba da bin sawu. A 2024 aka buga sakamakon wani babban nazari da Hukumar ta sa aka yi, wanda Ken Karipidis na hukumar tsaron tururi ta Ostareliya ya shugabanta. Sun tattara bincike 63 da aka yi daga 1994 zuwa 2022, ba su sami alaƙa tsakanin amfani da wayar hannu da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, ko ga waɗanda suka shekara 10 ko fiye suna amfani da ita. Wannan labari ne mai kwantad da hankali. Duk da haka, wanda ya ke so ya rage tururin da ke shiga jikinsa bai yi laifi ba, rigakafi ya fi magani. Tambayar ita ce, abin da a ke sayar masa yana ragewa kuwa?

Yadda A Ke Aunawa

Tambayar tana da amsa, domin tururin nan yana aunuwa kamar yadda gyaɗa ke aunuwa a sikeli. Ma'aunin sunansa SAR, watau yawan ƙarfin da ko wane kilo na naman jiki ke sha. Amurka ta sa iyakarta wat 1.6 a kilo tun 1996, Turai kuwa wat 2 a kilo ga kai da gangar jiki. Bambancin ya zo ne daga girman tsokar da a ke yin lissafi a kanta, Amurka giram 1, Turai giram 10. Ba a yarda a sayad da waya a waɗannan ƙasashe sai mai ita ya nuna ba ta ƙetare iyakar ba.

Ba a kan mutum a ke gwajin ba. Ana ƙera ƙoƙon kai na roba, mai siffar kan babban namiji, a cika shi da wani ruwa da aka haɗa don ya riƙa shan igiyoyin daidai yadda ƙwaƙwalwa da nama ke sha. Wani irin ruwan ma da sukari da gishiri a ke haɗa shi. Sa'an nan a kafa wayar a jikin kunnen ƙoƙon, a tilasta mata ta yi aiki da iyakar ƙarfinta, ta hanyar wata na'ura da ke kwaikwayon turken sabis. Sai hannun inji ya riƙa zura wani siririn tsinke mai ji cikin ruwan, yana bi lungu lungu, ana rubuta ƙarfin da ya tarar a ko wane wuri, har a gano inda ya fi yawa. A yi a kunnen dama, a yi a na hagu, a yi wayar na manne da kumatu, a yi tana karkace.

Gwada sitika kuwa ba wuya. A auna wayar ba sitika, a rubuta. A manna sitikar inda mai ita ya ce a manna, a sake aunawa, ba a canja kome ba sai ita. In lissafin ya sauka, ta yi aiki. In bai motsa ba, ba ta yi ba. Akwai kuma awo na biyu wanda bai kamata a manta da shi ba, watau a duba ko saƙon wayar yana isa turken sabis da ƙarfinsa kamar da. Za mu ga amfanin wannan nan gaba kaɗan. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Abin Da Aka Gano

A watan Fabrairu na 2002 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka, wadda a ke kira FTC, ta kai kamfanoni 2 ƙara kotu. Suna sayad da waɗansu 'yan faifai da a ke mannawa a bakin sifikar da ke kan kunne, suna cewa suna tare kashi 97 ko 99 cikin 100 na tururin. Hukumar ta ce ba su da shaidar kimiyya a kan wannan, ta kuma nuna cewa mafi yawan tururin ba ta wannan kafa ya ke fita ba, daga eriya ya ke fita da sauran jikin wayar. Watau an sa wa taga kwaɗo, ƙofa kuwa tana hangame.

A shekarar da ta biyo, 2003, waɗansu masana a Amurka, cikinsu har da na kamfanin Motorola, suka buga sakamakon gwajin ƙananan garkuwoyi iri 9 da a ke mannawa a jikin waya, a mujallar kimiyya mai suna Bioelectromagnetics. Sun yi awon da ƙoƙon kai irin wanda na kwatanta, a zango 2 na igiyoyin waya. Hukuncinsu shi ne garkuwoyin ba su rage abin da kai ke sha ba.

Shekara 18 bayan wannan, a watan Janairu na 2021, BBC ta ba da labarin gwajin da ta sa aka yi a Jami'ar Surrey ta Ingila a kan sitikun wani kamfani mai suna Energydots. An gwada wayoyi da akwatunan raba intanet, da sitika da kuma ba sitika. Ba a ga canji ba, ko a ƙarfin igiyar ko a zangonta. Da aka tambayi kamfanin, sai ya ce ai sitikun suna aiki ne da wani irin ƙarfi wanda na'urorin masanan ba za su iya gani ba. Ku riƙe wannan amsa, za mu komo kanta.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne na 2020, shi ma a Ingila. Wani kamfani ya fito da ɗan abin da a ke soka wa kwamfuta, mai suna 5GBioShield, yana cewa yana kewaye mutum da katangar tsaro, yana sayad da ko wane ɗaya fam 339. Ma'aikatan wani kamfanin binciken na'urori, Pen Test Partners, suka sayi ɗaya suka farke shi. Me suka tarar? Ɗan filashin ajiyar bayanai ne na yau da kullum, mai cin megabait 128 kacal, da 'yar fitila, da sitika a manne. Irinsa bai fi 'yan fam kaɗan ba a kasuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dalilin Da Ya Sa Ba Ta Aiki

Ko da ba a je ɗakin gwaji ba, hankali kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakka. Tururin nan da a ke so a tare, ai shi ne maganar wayar. Da shi ta ke kai muryarka ga turken sabis, da irinsa turken ke maido maka muryar ɗan'uwanka. Wanda ya ce zai tare tururin duka, amma wayarka ta ci gaba da aiki kamar da, daidai ya ke da wanda ya ce zai ɗinke bakin maroƙi amma kirari ya ci gaba da fita.

Sa'an nan ga zancen girma. Igiyar waya ta zangon 900 tsawonta santimita 33 ne, watau ta ɗan fi rular makaranta. Sitika kuwa santimita 2 ce ko 3. Igiya mai wannan tsawo kewaye ƙaramin abu ta ke yi ta wuce, kamar yadda ruwan kogi ke kewaye turke. Wayoyin yanzu kuma ba eriya ɗaya gare su ba, suna da dama, an ɓoye su a gefe da gefe da sama da ƙasa.

To, a ce an sami garkuwa babba, ta ƙarfe, wadda da gaske ta ke tare wani kashi. Me zai faru? Ku tuna da mutum 2 a gona. In suna kusa, raɗa ta isa. In suka yi nisa, sai ɗaga murya. In ka rufe bakin ɗaya da tsumma, ba shiru zai yi ba, ƙara ihu zai yi don a ji shi. Haka waya ta ke. Kullum ita da turken sabis suna daidaita murya. In sabis ya yi kyau sai ta rage ƙarfinta har sau ɗaruruwa, in ya raunana sai ta ƙara. Sabo da haka garkuwar da ta tare hanyar eriya tana iya sa wayar ta buɗe ƙarfinta duka, batir ya ƙare da wuri, mai ita kuma ya koma yana shan abin da ya ke gudu. Hukumar FTC da kanta ta yi wa jama'a wannan gargaɗi. Amfanin awo na biyu ke nan da na ambata: rage abin da kai ke sha ba gwaninta ba ne in an yi shi ta hanyar shaƙe wayar.

Wani zai ce, ai ni da idona na ga mai talla ya kanga wata 'yar na'ura a jikin waya, allura ta haura, ya manna sitika, allura ta sauka. Ban ƙaryata idonka ba. Amma ka sani ƙarfin waya ba a tsaye ya ke ba, hawa da sauka ya ke yi ko wane lokaci. A tsohon layin 2G ma, waya da ƙarfinta duka ta ke fara kira, sa'an nan ta sauko bayan 'yan daƙiƙoƙi in ta ga turken yana jinta. Wanda ya auna a farkon kira, ya ɓata lokaci wajen ɓare sitika da mannawa, ya sake aunawa, lalle zai ga allura ta sauka, ko ganyen mangwaro ya manna. Ɗan matsad da na'urar da faɗin yatsa ma yana canja lissafin. Dalili ke nan da ya sa a ɗakin gwaji a ke kafe wayar wuri ɗaya, a kulle ƙarfinta, inji ya riƙe tsinken awo maimakon hannun mai son a saya.

An Yi Gudun Gara

Da a ce iyakar ɓarnar asarar kuɗi ce, da da sauƙi. A watan Disamba na 2021 hukumar tsaron nukiliya da tururi ta ƙasar Holan ta fid da gargaɗi a kan kaya iri 10 da aka auna a cibiyar lafiyar jama'a ta ƙasar. Akwai abin wuya, da awarwaro, har da na yara, da ƙyallen rufe ido na barci. Waɗansunsu da sunan tsaro daga 5G a ke sayad da su. Aka tarar su da kansu suna fid da tururi, ba kuma irin na waya ba, mai kaifin nan, domin akwai ma'adinai masu fid da shi cikin abin da aka yi su da shi. Yawansa ba mai kayad da mutum nan take ba ne, amma wanda ya daɗe yana sanye da su dare da rana suna iya yi wa fatarsa lahani. Hukumar ta hana sayad da su, ta ce wanda ke da su ya tuɓe ya ajiye nesa da jiki.

Ku dubi wannan da kyau. Uwa ta ji tsoron igiyar da ba a tabbatar tana cutarwa ba, ta cire kuɗi ta ɗaura wa ɗanta wadda aka tabbatar tana cutarwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba kuwa wanda zai gane haka da ido ko da hanci. Awo ne kaɗai ya tona.

Amsar Masu Musu

Na san akwai masu ja, bari in ba su hakkinsu. Na fari zai ce, ai masu ƙera waya su ke da ɗakunan gwajin, ga shi kai da kanka ka ambaci Motorola. Wannan shakka ce mai kyau, ya kamata kullum a tambayi wa ya biya kuɗin awo. Amma Jami'ar Surrey ba ta sayad da waya, hukumar Holan ma haka. Sikelin nan kuwa ba ya jin kunyar manya. A watan Satumba na 2023 hukumar kula da igiyoyin rediyo ta Faransa ta dakatad da sayad da iPhone 12 a ƙasar, domin awo ya nuna wat 5.74 a kilo in wayar na hannu ko aljihun wando, alhali iyakar gaɓoɓi wat 4 ce. Kamfanin Apple ya yi musu, amma ya gyara manhajar wayar, aka sake aunawa aka ga ta sauko ƙasa da iyaka. Ma'aunin da ya kama Apple, shi ne ya ce sitika ba ta kome. Ba daidai ba ne mu yarda da shi ran da ya kama babba, mu ƙi shi ran da ya kama ƙarami.

Na biyu zai ce, irin abin da kamfanin nan na Ingila ya ce, aikinta ya fi ƙarfin na'ura. To, in na'ura ba ta ganinsa, shi mai ƙerawa da me ya gani? Da me ya san sitikar yau ta yi daidai da ta jiya? Daga ina kuma kashi 99 cikin 100 ya fito? Lissafi ɗan awo ne. Wanda ya kawo lissafi ya yarda ke nan an auna, sai ya nuna mana sikelin. Ba ya yiwuwa mutum ya shiga kasuwa da mudu lokacin talla, in an zo awo ya ce hatsinsa ba ya shiga mudu.

Na uku zai ce, ni dai tun da na manna ciwon kaina ya tafi. Ban ce ƙarya ya ke yi ba, ciwonsa gaskiya ne, sauƙinsa ma gaskiya ne. Sai dai an gwada wannan ma. Ana sa mutum a ɗaki, wani lokaci a kunna igiyar, wani lokaci a kashe, shi bai sani ba, mai tambayarsa ma bai sani ba. A 2010 James Rubin da abokan aikinsa na King's College a Landan suka tattara irin wannan gwaji guda 46, da mutum 1,175 masu cewa igiyoyin na damunsu. Ba a sami tabbatacciyar shaida cewa suna iya gane lokacin da aka kunna ba, ciwon kuma yakan zo ko igiyar na kashe, muddin mutum ya zaci tana kunne. Tsoro yana kawo ciwon kai, kwanciyar hankali tana kore shi. Haɗarin shi ne mai ciwon da ke bukatar likita, kamar hawan jini ko ciwon ido, ya dogara ga sitika har abu ya yi nisa.

Na huɗu zai ce, ai kuɗinta kaɗan ne, in ba ta yi amfani ba ba ta yi ɓarna ba. Labarin Holan ya amsa rabin wannan. Sauran rabin kuwa, wanda ya gaskata an tsare shi yakan saki jiki, ya bar dabarun da ke aiki da gaske.

Garkuwar Gaskiya

Kada a ɗauka cewa na ke yi ba a iya tare igiyoyin nan. Ana iyawa sarai. A 1836 Michael Faraday ya gina ɗaki a Landan ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya shiga ciki, aka yi ta saka wa bayan ɗakin lantarki, na'urarsa a ciki ba ta ji kome ba. Dabarar nan ce ke ƙofar tandun makirowef mai ɗumama abinci: ragar ƙarfe mai ƙananan huji, haske na wucewa ka ga abincinka, amma igiyar da tsawonta ya kai santimita 12 ba ta wucewa. Sharaɗin garkuwar gaskiya shi ne ta kewaye abin duka.

Ga gwajin da ko wane ɗayanmu zai iya yi a ɗakin kwana ko a gaban aji. A sami waya 2 da takardar alminiyam irin ta naɗe abinci. A naɗe waya ɗaya ruf, ninki 2 ko 3, kada a bar kafa, sa'an nan a kira ta da ɗayar. Galibi za a ji an ce ba a same ta ba. A warware, a manna mata sitika, a sake kira, sai ga ta tana ƙara. Yaro ɗan firamare zai ga darasin da kansa: garkuwar da ta tare tururin ta kashe wayar, wadda ta bar wayar da rai ba ta tare kome ba.

Mai son ragewa da gaske, hanyarsa kyauta ce. Ta fari nisa, domin ƙarfin igiyar faɗuwa ya ke yi da sauri da zarar an matsa, kamar zafin murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa wanda ya riƙe waya santimita 30 zuwa 40 daga jikinsa abin da ya ke sha ya yi ƙasa ƙwarai da na wanda ya kanga ta a kunne. Sabo da haka a buɗe sifika, ko a sa abin ji na kunne, ko a rubuta saƙo. Ta biyu, a yi kira inda sabis ke da ƙarfi, domin a nan waya ke raɗa. Ta uku, a taƙaita hira. Ta huɗu, in za a kwanta a ajiye ta bisa tebur maimakon ƙarƙashin matashi. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke cin ko sisi.

Abin Da Na Ke Roƙo

Ga hukuma, roƙona shi ne a ɗora wa mai kaya nauyin kawo shaida. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya tana tantance irin wayoyin da za a sayar a ƙasar nan. Muna da Hukumar Kula da Ingancin Kaya, SON, da Hukumar Kare Hakkin Masu Saye, FCCPC, da kuma Hukumar Kula da Nukiliya, NNRA, wadda tururi mai kaifi ke ƙarƙashinta. A ganina duk wanda zai shigo da abin da ya ce yana tare tururi, a nemi ya kawo takardar ɗakin gwajin da aka amince da shi. Abin wuya da awarwaron nan kuwa a riƙa ɗiban samfurinsu a kasuwa ana kanga musu na'urar gano tururi mai kaifi, aikin 'yan mintoci ne.

Ga mu masu saye kuwa, tambaya 4 sun isa. Wane ɗakin gwaji ne ya auna, ina sunansa? A kan wace waya aka auna? Nawa ne lissafin kafin a manna, nawa ne bayan an manna? Saƙon wayar ya ragu ko bai ragu ba? Mai kayan gaskiya zai yi murna da waɗannan tambayoyi, domin su za su sayar masa da kaya. Wanda ya fara kame-kame, ya koma ba ka labarin wata mata da ta warke a wani gari, to, ka mai da kuɗinka aljihu.

'Yan'uwa, yawancinmu za mu koma garuruwa da ƙauyuka inda in sabon abu ya zo, malam a ke fara nuna wa a ce, "Malam, wannan gaskiya ne?" Kada mu yi wa mai tambaya dariya, tsoronsa na iyalinsa ne, abin girmamawa ne. Kada kuma mu ce masa i don gudun ɓacin ransa. Mu gaya masa an auna, mu gaya masa inda aka auna da abin da aka gani, in da hali mu ɗauko takardar alminiyam mu nuna masa. Ba a cinikin biri a sama. A sauko da shi, a ɗora a sikeli, sa'an nan a yi zancen kuɗi.